Harafin X a Tsohuwar Fosta: Fina-finan Barkwancin Manya na Wuraren Aiki da Matsayinsu a Dokokin Yau

Tun daga 25 ga Yuli, 2025, dokar kare masu amfani da intanet ta Birtaniya ta tilasta wa shafukan da ke ɗauke da batsa su tantance shekarun mutum kafin su bar shi ya shiga. Hukumar Ofcom ce ke sa ido, kuma tarar kamfanin da ya saɓa tana iya kaiwa fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarsa a duniya, duk wanda ya fi yawa. Dokar ta sake tado wata tambaya game da wani rukuni na tsofaffin fina-finai, galibinsu na shekarun 1970: na barkwanci ne, labarinsu a ofis ko asibiti ko garejin motoci yake gudana, fostocinsu na ɗauke da harafin X, amma ga su ana sayar da faifansu a kanti, wasu tashoshin talabijin ma suna haska su da dare. Idan batsa ne, me ya sa ba a kulle su ba? Idan ba batsa ba ne, me X ɗin yake nufi?

Amsar tana cikin tarihin hukumar tace fina-finai, da lissafin kuɗin sinima na wancan lokaci, da kuma yadda dokar aiki ta canja har abin da aka yi wa dariya a 1974 ya zama abin da ake kai ƙara kotu a kansa.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Rukuni na farko shi ne barkwanci mai harshen damo. Ba a nuna tsiraici sosai, dariyar tana cikin magana mai fuska biyu, wadda babba zai gane inda ta dosa, yaro kuma ya ji ta a zahirinta. Jerin Carry On, fina-finai 30 daga 1958 zuwa 1978 da ƙarin ɗaya a 1992, shi ne misalin da aka fi sani. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya taɓa samun X.

Rukuni na biyu shi ne wanda wannan sharhi ya fi mayar da hankali a kai: barkwancin manya. Akwai tsiraici, akwai fitowar da ake kwaikwayon saduwa, amma kwaikwayo ne kawai, gajere, kuma kusan kullum yana ƙarewa da tsautsayi na ban dariya, kamar maigida ya dawo ba zato ko gado ya karye. Akwai labari, akwai sanannun 'yan wasan talabijin, kuma a gidajen sinima na kowa da kowa aka nuna su.

Rukuni na uku shi ne batsa tsantsa, abin da a kasuwa ake kira bulu fim. Dokar Birtaniya tana auna shi da manufa: abin da aka shirya shi musamman, ko galibi, don tayar da sha'awa. A shekarun 1970 hukumar tace fina-finan ƙasar ba ta ba irin wannan fim takardar izinin nunawa ko kaɗan.

Ruɗanin daga harafin yake. Hukumar tace fina-finan Birtaniya, BBFC, wadda aka kafa a 1912, ta ƙirƙiro X a 1951 da ma'anar ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 16 ya kalla ba. A 1970 aka ɗaga shi zuwa 18, aka kuma ƙara matakin AA na 'yan shekara 14 zuwa sama. Fim ɗin yaƙi mai zubar da jini, da na ban tsoro, da na barkwancin manya, duk X ɗaya suke samu. A 1982 aka soke haruffan aka koma U, PG, 15, 18, da kuma R18, wanda shi ne aka keɓe wa batsa, kuma ba a sayar da shi sai a shagon da ke da lasisi na musamman. Tsohon X na Birtaniya, saboda haka, ya fi kusa da 18 na yau.

A Amurka labarin daban ne. Ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta fito da nata tsarin a Nuwamba 1968, amma ba ta yi wa X rajistar mallaka ba, don haka kowa na iya manna wa fim ɗinsa. Masu batsa suka rungume shi, suka riƙa ninka shi uku don talla, har ya zama tambarinsu. A 1990 ƙungiyar ta haƙura da shi ta kawo NC-17. Ma'anar Amurka ce ta bazu a duniya, shi ya sa wanda ya ga X a fostar Landan ta 1975 yake karanta ta da idon Amurka.

Kuɗin da ya haife su

A 1946 an sayar da tikitin sinima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya. A 1970 adadin ya sauko zuwa miliyan 193, a 1984 kuma miliyan 54. Talabijin ce ta kwashe iyalai, musamman bayan manyan tashoshi biyu sun koma mai kala a Nuwamba 1969. Kusan a lokaci guda kamfanonin Amurka, waɗanda suka riƙe masana'antar Birtaniya da jarinsu a shekarun 1960, suka tafka asara a gida suka janye kuɗinsu. Furodusan da ya rage dole ya nemi abin da ke da arha, wanda kuma talabijin ba za ta iya nunawa ba. Ɗaga X zuwa 18 a 1970 ya buɗe masa wannan ƙofa daidai lokacin da yake buƙatarta.

Dokoki biyu na tallafi suka ƙara wa abin ƙarfi, ko da yake ba don wannan aka yi su ba. Ta farko ita ce dokar kaso, wadda ta samo asali daga 1927, ta wajabta wa kowane gidan sinima ya nuna fina-finan gida a wani ɓangare na kwanakinsa, kashi 30 cikin ɗari na manyan fina-finai a yawancin wannan zamani. Mai sinima yana buƙatar fim ɗin Birtaniya ko wane iri ne don ya cike takardarsa. Ta biyu ita ce harajin Eady, wanda aka sa wa sunan jami'in baitulmali Wilfrid Eady. An fara shi a 1950, ya zama doka a 1957. Ana cire ɗan kaso daga kowane tikiti, har da na fina-finan Amurka, a tara a asusu ɗaya, sannan a raba wa fina-finan gida gwargwadon cinikin da kowanne ya yi. Ba a duba inganci, ba a duba jigo. Sharaɗin shi ne kamfanin ya zama na gida kuma mafi yawan kuɗin ƙwadago ya tafi ga 'yan ƙasa. Fim mai arha da ya yi kasuwa yana cin riba sau biyu: ta akwatin tikiti, sannan ta asusun.

Sakamakon ya bayyana a 1974, lokacin da Confessions of a Window Cleaner, labarin wani matashi mai goge tagogi, ya fi duk wani fim ɗin Birtaniya ciniki a ƙasar a shekarar. Babban kamfanin Amurka, Columbia, shi ya rarraba shi, kuma an yi masa ci gaba uku zuwa 1977. Nan take masu kwaikwayo suka biyo baya da direban tasi, da mai gyaran famfo, da ɗan leƙen asiri mai zaman kansa. Wani fim na 1977 da aka kafa labarinsa a gidan jinyar masu neman hutu ya yi makonni 201 a jere a sinima ɗaya a unguwar Soho ta Landan, daga 1977 zuwa 1981.

Me ya sa wurin aiki?

Dalili na farko na aljihu ne. Ofis ɗaya, ɗakin jinya ɗaya, ko farfajiyar gareji ɗaya ya isa a ɗauki rabin fim ba tare da an kwashe fitilu da kyamara an canja wuri ba, kuma canjin wuri shi ke cin rana. Kayan sarki ma suna rage aikin marubuci: da an ga farar rigar nas ko hular kwandasta, mai kallo ya san ko wace ce, ya san wa ke ba ta umarni, ba sai an ɓata minti biyar ana gabatar da ita ba.

Na biyu na tsarin labari ne. Sana'ar da ke kai mutum gida-gida, irin ta mai goge taga ko mai koyar da tuƙi, tana ba da uzurin haɗuwa da sabuwar fuska duk bayan minti goma. Fim ɗin sai ya zama gajerun labarai a jere, kuma hakan na da amfani biyu a wajen aiki. Ana iya ɗaukar sanannen ɗan wasa na kwana ɗaya ko biyu, a biya shi kuɗin kwanakin kawai, a kuma sa sunansa a fosta. Idan hukumar tacewa ta ce a cire wata fitowa gaba ɗaya, labarin ba ya rushewa.

Na uku shi ne ya fi nauyi. Waɗannan shekaru ne da matsayin mace a wurin aiki yake canjawa a dokance. An zartar da dokar daidaita albashi a 1970, ta fara aiki a Disamba 1975, a shekarar da aka kafa dokar hana wariyar jinsi. Sai a 1974 mace ta farko, Jill Viner, ta fara tuƙa bas ɗin fasinja a hukumar sufurin Landan. Shekara uku kafin nan, fim ɗin Birtaniya da ya fi ciniki a 1971, On the Buses, jigonsa shi ne kamfanin bas ya ɗauki mata direbobi, maza suka rasa kuɗin ƙarin lokaci, suka shiga yi musu zagon ƙasa har sai an kawar da su daga sitiyari. Wannan fim ba X ba ne, amma ya nuna ƙasar da sauran suka tsiro a kai. A galibin fina-finan manya, mace ma'aikaciya iri biyu ce: budurwar da kowa ke bi, ko tsohuwar shugaba mai tsawa da ake yi wa dariya. Namijin kuma ba gwani ba ne. Sakarai ne mai ƙaramin albashi, wanda ogansa ke raina shi, wanda kuma kusan duk yunƙurinsa ke ƙarewa da kunya. Dariyar ta ta'allaka ne kan fargabar ma'aikacin da duniyarsa ke sauyawa, kuma shi ne mai sayen tikitin.

Akwai shaidar cewa masu kallon sun san iyakar abin da za su lamunta. Fim ɗin Carry On na 1971 da aka kafa a masana'antar ƙera kwanon ban-ɗaki ya mayar da wakilin ƙungiyar ƙwadago abin dariya, ya nuna yajin aiki a matsayin wauta. Shi ne na farko a jerin da ya faɗi a kasuwa, sai bayan shekaru ya mayar da kuɗinsa. Ma'aikata sun yarda a yi wa oga dariya, a yi wa mata dariya, a yi musu su kansu, amma ban da ƙungiyarsu.

Daga kyamara zuwa almakashi

Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu ƙafa 90 a minti ɗaya. Naɗi mai ƙafa 1,000 yana ba da kusan minti 11, fim ɗin minti 90 kuma ƙafa 8,100 ne. Kowace ƙafa da aka ɗauka sai an saye ta, an wanke ta, an buga ta, don haka furodusa mai ƙaramin jari ba ya yarda a maimaita fitowa sau da yawa. Wannan ne dalilin da ake ganin kurakurai a fina-finan: inuwar makirfo a bango, hasken rana da ya canja tsakanin jimla biyu, ɗan wasan da ya yi tuntuɓe a magana aka bar shi haka. Jerin Carry On, wanda ke da tsari da ma'aikata na dindindin a sutudiyon Pinewood, kusan mako shida yake ɗauka. Ƙananan kamfanonin Soho ba sa kai haka, kuma sukan yi hayar gida ko ofis na gaske maimakon gina saiti.

Al'ada ce a ɗauki wasu fitowar sau biyu: ɗaya mai sauƙi don gida, ɗaya mai zafi don kasuwannin waje inda doka ta fi sassauci. Wani lokaci mai rarrabawa a wata ƙasa yakan saƙa nasa hotunan batsa, da wasu mutane daban, a cikin fim ɗin ba da sanin 'yan wasan asali ba. Wannan ne asalin yawan gardamar da ake yi yau kan wane ne ainihin fim ɗin, domin suna ɗaya yana iya zama kan kwafi uku masu tsawo daban.

Tacewa tana da matakai. Furodusa mai wayo yakan kai rubutun labarin hukumar tun kafin ɗauka don ya ji inda matsala take. Bayan an haɗa fim, masu dubawa su kalla su rubuta jerin yanka, naɗi bayan naɗi, suna faɗin daga wane hoto zuwa wane za a cire. Kamfani ya yanka ya mayar. Matsalar ita ce sauti yana kan layinsa daban, kuma idan an riga an haɗa kiɗa, yankan daƙiƙa goma yana sa kiɗan ya yi tsalle. Sake haɗa sauti kuɗi ne, don haka sau da yawa a bar tsallen.

Takardar BBFC ma ba ita ce magana ta ƙarshe ba. A dokar Birtaniya ƙananan hukumomi ne ke ba sinima lasisi, kuma suna da ikon hana fim da hukumar ta amince da shi, ko amincewa da wanda ta ƙi. Fim zai iya haramta a wannan gari ya halatta a na kusa da shi. Ban da haka akwai kulob-kulob na 'yan rajista, waɗanda ba sa buƙatar takarda, har sai da dokar 1982 ta toshe wannan kafa. A 1977 aka shigar da fina-finai ƙarƙashin dokar hana wallafa batsa ta 1959, abin da ya ba su damar kare kansu a kotu da hujjar cewa a auna aikin gaba ɗayansa.

Sauran ƙasashe

Abin bai tsaya a Birtaniya ba, kuma kusan ko'ina dalilan iri ɗaya ne. A Italiya an yi ɗimbin fina-finai da jarumarsu likita ce, ko nas, ko 'yar sanda, inda Edwige Fenech da Lino Banfi suka yi suna. A can ba a damu da ɗaukar sauti a wurin aiki ba, daga baya ake ɗora murya, abin da ya rage kuɗi ya kuma sauƙaƙa fassara don waje. A Jamus ta Yamma an riƙa lulluɓe su da rigar rahoton bincike, da mai sharhi mai murya irin ta ɗan jarida, don a ce ilimantarwa ake yi, kuma an yi jeri guda kan ma'aikatan haƙar kwal na yankin Ruhr daga 1972. A Japan kamfanin Nikkatsu, da ya kusa durƙushewa, ya koma irin wannan daga 1971 zuwa 1988, ya fitar da sama da dubu, da yawansu kan 'yan matan ofis. A Meziko magina da makanikai ne jaruman. A Turkiyya guguwar ta taso a tsakiyar shekarun 1970, juyin mulkin soja na Satumba 1980 ya kawo ƙarshenta.

Faransa ta bi wata hanya da ta zama darasi ga masu tsara doka. A ƙarshen 1975 ba ta haramta batsa ba, sai ta ware mata rukunin X, ta ɗora mata haraji mai nauyi, ta cire ta daga asusun tallafi, ta kuma killace ta a sinimomi na musamman. Haraji ya yi abin da almakashi bai yi ba.

Abin da ya kashe su

Waɗannan fina-finai sun rayu ne a tsakanin abubuwa biyu: abin da talabijin ba ta iya nunawa, da abin da mutum ba ya iya samu a wani wuri. Da ɓangarorin biyu suka matso, wurin ya ƙare. Denmak ta halatta hotunan batsa a 1969, Jamus ta Yamma a 1975, kuma a ƙasashen da aka halatta, wanda tsiraici ya kawo shi sinima ya daina buƙatar jure minti 80 na barkwanci. Kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje a farkon shekarun 1980 ya ƙarasa aikin. A Italiya hukuncin kotun tsarin mulki na 1976 ya buɗe ƙofa ga tashoshin talabijin masu zaman kansu, su kuma suka kwashe salon da 'yan wasansa. A Birtaniya an dakatar da dokar kaso a 1983, aka soke ta tare da harajin Eady a 1985. Tallafin da ya sa fim mai arha ya zama ciniki marar haɗari ya tafi ke nan.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu kare tarbiyya, waɗanda Mary Whitehouse ta fi kowa fice a cikinsu tun daga tsakiyar shekarun 1960, sun ce haɗarin waɗannan fina-finai ya fi na batsar ɓoye, domin dariya tana sa abin ya zama ruwan dare, kuma ana nuna shi a babban titi inda matasa ke ganin fosta. Hujjarsu kan fosta ta yi tasiri: a 1981 aka yi dokar hana baje hotunan rashin kunya a bainar jama'a.

Masu ra'ayin 'yancin babba sun sami goyon baya a rahoton kwamitin Bernard Williams na 1979, wanda ya ba da shawarar a bambanta hanawa da taƙaitawa: a haramta abin da aka cutar da wani wajen yin sa, sauran kuma a nisanta shi daga yara da wanda bai nema ba. Gwamnati ba ta ɗauki rahoton gaba ɗaya ba, amma tsarin 18 da R18 ya bi wannan tunani.

'Yan gwagwarmayar mata sun zo da suka ta uku, wadda ba ta dogara da tsiraici ba. Damuwarsu ita ce abin da ake koya wa mai kallo game da aiki: oga yana bin sakatariya a zagayen tebur, majinyaci yana kai wa nas hannu, an leƙa ma'aikaciya tana canja kaya, kuma a duka ita ce za ta yi murmushi a ƙarshe. Wannan suka ce ta fi daɗewa, domin doka ta biyo ta. A 1975 aka fara ba wannan hali suna a fili a Amurka. A 1986 kotun ƙolin Amurka, da wata babbar kotu a Sukotilan, suka yanke cewa takura wa ma'aikaci da neman lalata nau'i ne na wariyar jinsi. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta fayyace shi, kuma daga 26 ga Oktoba, 2024, wajibi ne mai ɗaukar ma'aikata ya ɗauki matakan riga-kafi, in ba haka ba kotun ƙwadago na iya ƙara har kashi 25 cikin ɗari a kan diyya.

Masana tarihin fim suna da tasu hujjar: ko da ba su da kyau a matsayin fasaha, fina-finan sun ɗauki titunan bayan gari, da ofisoshi, da kantin ma'aikata, da lafazin talakawa, waɗanda manyan fina-finai ba su kula da su ba, kuma sun riƙe masu kyamara da masu haɗa hoto da aiki a shekarun da masana'antar ta kusa mutuwa. Wannan gaskiya ne, amma bai amsa sukar 'yan gwagwarmayar mata ba. Abu yana iya zama shaidar tarihi mai amfani saboda ainihin abin da ya sa yake da muni. Su kansu matan da suka fito a ciki bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ce aiki ne kamar kowane aiki, wasu sun ce an matsa musu su tuɓe fiye da yadda aka yi yarjejeniya, kuma tambarin ya hana su samun wasu ayyuka. Babu jami'in da ke kula da irin waɗannan fitowa a lokacin. Sai bayan 2017 wannan muƙami ya zama ruwan dare a masana'antar.

Matsalar sake fitar da su

Kamfanin da ke son fitar da tsohon fim a faifai a Birtaniya ba zai dogara da takardar sinima ta 1975 ba. Dokar bidiyo ta 1984 ta ce kwafin gida yana buƙatar tasa takardar, kuma ana auna shi da ƙa'idojin ranar da aka kawo shi. Hukumar tana sabunta ƙa'idojinta duk bayan shekara huɗu ko biyar. Na 2024 sun fito ne bayan jin ra'ayin mutum 12,000, kuma sun nuna cewa cin zarafi ta hanyar lalata shi ne abin da ya fi damun jama'a. Tasirin a kan tsofaffin fina-finai yana zuwa ta fuska biyu: tsiraicin da aka yanke a da yakan wuce yau, amma fitowar da aka mayar da tilastawa abin dariya tana jawo mataki mai tsauri ko gargaɗi a bayan kwali.

Akwai shingen da babu sassauci a kansa. Dokar kare yara ta 1978 ta haramta hoton rashin kunya na ɗan ƙasa da shekara 16, kuma daga 2004 aka ɗaga zuwa 18. Dokar tana aiki kan rarrabawar yau, ba ranar ɗauka ba. Idan akwai shakka kan shekarun wanda ya fito, dole kamfani ya kawo hujja, in babu a cire fitowar ko a bar fim ɗin a ajiye.

Sai matsalar kayan kansu. Yawancin kamfanonin sun rushe, ba a san mai haƙƙin mallaka ba, nagetif ɗin asali, wato naɗin farko da ake buga kwafi daga gare shi, ya ɓace ko an yanka shi don ya dace da umarnin hukuma an zubar da guntayen. Kwafin da ya rage sau da yawa ya koma ja-ja, domin launin shuɗi da rawaya na fim ɗin wancan zamani sun fi saurin kodewa. Idan an ajiye shi a zafi da danshi, robar takan fara ruɓewa tana warin tsami, tana ƙanƙancewa har ta ƙi shiga na'ura, kuma tururin yana hanzarta lalacewar gwangwanayen da ke kusa. Maganin sanyi ne da bushewa: rumbun cibiyar fina-finan Birtaniya da ke Gaydon yana riƙe da digiri 5 ƙasa da sifili da danshi kashi 35 cikin ɗari. Mai gyara yakan haɗa kwafi biyu ko uku, shi ya sa a faifan da aka ce cikakke ne za a ga hoto ya dusashe na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya dawo.

Abin da ya shafi mai kallo

Ga mazaunin Birtaniya, sabuwar dokar tantance shekaru ba ta mayar da waɗannan fina-finai batsa ba. Mai takardar 15 ko 18 yana nan a matsayinsa: ba a sayar wa wanda bai kai ba, kuma a talabijin sai bayan ƙarfe 9 na dare. Amma kwafin waje da aka saƙa wa hotunan batsa ya koma rukunin batsa, ko da sunansa bai canja ba.

Ga iyaye a ko'ina, har da Najeriya da Nijar, haɗarin yana wajen lakabi. Wanda ya ɗora tsohon fim a YouTube ko Telegram ba ya sa masa takardar kowace hukuma, sau da yawa tsohon barkwanci kawai zai rubuta, kuma fostocin zane ne mai kama da na yara. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, da aka kafa a 1993, da ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, suna duba abin da aka kawo musu ne don kasuwar gida, ba abin da wani ya ɗora daga wata ƙasa ba. Matakan da ke aiki a hannun mutum ne. Shafin BBFC kyauta ne, ana rubuta sunan fim a ga matakinsa da dalilin ba shi. A gwada tsawon mintunan da hukumar ta rubuta da na kwafin da ke hannu: idan na hannu ya fi tsawo da mintuna da yawa, akwai yiwuwar kwafin waje ne. A wayar yaro kuma a kunna yanayin taƙaitawa, tare da sanin cewa na'urar tana dogara ne da lakabi da rahoton masu kallo, don haka tsohon fim da ba a yi masa alama ba yana iya zamewa.

Ga ma'aikaci da mai ɗaukar aiki, tura guntun irin wannan fim a zauren WhatsApp na ofis yana iya shiga cikin abin da dokar Birtaniya ta kira ƙirƙirar yanayi na wulaƙanci, ko da mai turawar wasa ya nufa, domin ana duba tasirin abin a kan wanda ya karɓa. Yarjejeniya ta 190 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kuma Najeriya ta rattaba mata hannu a 2022, ta ambaci saƙonnin da suka shafi aiki ta hanyar na'urorin sadarwa a cikin wuraren da kariyarta ta shafa.